Muryar Bayan Zane

Laraba, 9 ga Oktoba, 1957

Ranar kasuwa, ɗakin magani cike tun hantsi. Masu gyambo, masu kurkunu, da wani mai rake da ya sare yatsansa yana ta zagin wuƙar. Ina cikin ɗaure masa sai ga ihu daga bakin hanyar Ikara, har na ɗauka gobara ce. Ashe motar majigi ce ta iso. Yaran Makarfi kaf suka bi ta, har da wanda nake shirin ɗiga wa magani a ido, ya fizge daga hannun kakarsa ya arce. An ce En'e, hukumar sarki, ta tsara motar ta riƙa zagayen Ikara, Makarfi da Kudan har ƙarshen rani. Allah ya kyauta. Ni dai Sama'ila ban ga alherin da yaro zai tsinta a jikin farin ƙyalle ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ga irinta nan. Yara masu tari jere a baranda, sun zauna a ƙasa cikin raɓa ba ko riga. Biyu kunama ta harba. Idanu kuwa jajawur. Malam Zailani, babban malamin elementare, ya leƙo karɓar maganin ciwon kai, ya ce rabin makaranta gyangyaɗi suke yi.

Na gidana ma ya je. Ɗanliti. To, a nan dai na rubuta sunan, ba mai gani. Ɗan fari ne, a baki "yaron Inna" nake cewa, tunda mahaifiyata ce ke riƙonsa a ɗakinta tun yaye. Shekararsa takwas, yana aji biyu. In'ina ta riƙe masa harshe tun yana ƙarami. Kalma ɗaya sai ya yi ta kokawa da ita har jijiyar wuyansa ta tashi, yara na dariya, shi ya sa ya koma shiru-shiru. Yau na hango shi a gindin rumbu yana motsa hannu shi kaɗai, yana murguɗa baki ba sauti. Ana wata ga wata.

Asabar, 12 ga Oktoba

Lado ɗan maƙera ya karye a hannu. Wai a majigi an nuna wani ya diro daga soro ya faɗa kan doki, shi ne Lado ya hau katanga ya auna jakin ubansa. Jaki ya ga abin da ya fi ƙarfinsa ya matsa gefe. Sai da maɗori ya gama nasa aka kawo mini shi hannu a kumbure. Na ce, kai me ya kai ka? Ya ce, "Ai na majigin bai faɗi ba."

Wallahi sai na yi wa abin nan magani.

Litinin, 14 ga Oktoba

Malam Zailani ya tare ni bayan la'asar. Gaisuwa doguwa, ya tambayi Inna, ya tambayi keken nawa, sannan ya zo kan maganar. Mai duba makarantu zai zo daga Zariya farkon Disamba. Duk ɗan aji biyun da ba ya iya karatu a bayyane za a sallame shi, a ba wani bencinsa. "Yaron gidanku rubutunsa ba na biyu, Malam, amma na yi wata ban ji ya ƙarasa layi ɗaya ba. Na ce in sanar da kai tun da wuri."

Me zan ce? Uba ya tsaya yana roƙo a kan ɗan fari, gari ya ɗauka? Na ce, "Yadda kuka gani, Malam," sai ka ce maganar akuyar wani muke yi.

Da ma Yaya Ya'u ya daɗe yana cewa a ba shi yaron ya tafi da shi Paki, wai gona ba ta tambayar mutum ya yi magana. In aka sallame shi ba ni da bakin hanawa. Tuwon dare bai shiga ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Nasara! Na ɗauki Liman da uban Lado muka je gaban Dagaci. Na zayyana komai: tari, kunama, ido, barci a aji, karaya. Na ce ƙwaƙwalwar yaro ɗanyen yumɓu ce, abin da ya taka ta shi zai bar sawu. Liman ya gyaɗa kai har rawaninsa ya goce. Uban Lado bai ce uffan ba, hannun ɗansa kawai ya ɗaga, kuma shi ya fi mu duka iya magana. Dagaci ya yanke: duk ɗan makarantar da aka gani a filin majigi, ubansa zai amsa kira. Da yamma sanƙira ya zaga gari da shelar. Na tsaya a ƙofar ɗakin magani na saurara har sau biyu, don daɗi.

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Mota ta dawo, ta tarar da fili ba yara, sai magidanta da 'yan kasuwar da suka yi dare. Maiwada, mai riƙe lasifika yana fassara hotunan, ya biyo ni har baranda. "Malam, ka kore mini masu dariya. Su waɗannan ko jaki ya yi tsalle sai dai su ce ikon Allah." Na ce gara su, ba sa hawa katanga.

Na je na kalla, don mutum ya san abin da yake yaƙa. Gaskiya ɗaya ce, hoton kurkunu bai yi ƙarya ba: a tace ruwa da ƙyalle kafin a zuba a randa. Abin da nake faɗa ke nan shekara da shekaru. Amma wa ke zuba ruwa a randa? Mata. Ina matan? Suna kulle. An zo ana yi wa maza wa'azin tulu.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ko mai tari ɗaya babu. Malam Zailani ya ce aji idonsa biyu. Rigakafi ya fi magani, in ji ni.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Inna Hajo ba ta amsa mini gaisuwa da kyau. Yau ta ce, "Kai da Dagacinka kun hana mijina kallo, ko? Allah ya ba ku lada." Mijinta ke nan, jikan. Na ce amin, uwa ce.

Kwalayen magani da na tara a gida don ajiyar auduga sun ragu. Mazurarin gwangwanin da nake ɗura kananzir ma ya yi ƙafa. Na tambayi matata Luba, ta ce wataƙila ɓeraye ne. Ɓeran da ke jan mazurari! Ta juya tana dariya a cikin gyale.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Yaya Ya'u ya zo sallar Juma'a daga Paki, ya kawo dawa sabuwa. Ya kira yaron ya tambaye shi karatu. Yaro ya tsuguna, ya kama "la-la-la" na lafiya lau ya kasa fita. Yaya ya dafa kansa ya ce, "Bari, ɗana, kada ka wahala. Da an gama girbi zan zo in ɗauke ka, na ma ware maka ɗan maraƙi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Shi ya sa abin ya fi ciwo.

Talata, 5 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Na tafi Gazara yin lambar rigakafin agana, na ce musu can zan kwana. Aiki ya ƙare da wuri, na ce me zan zauna yi, na tako keke na iso bayan magariba. Ina jingine shi a zaure sai na ji murya daga cikin gida. Muryar namiji, katuwa, mai amo. A gidana! Ranar da aka san ba na nan!

"Jama'a, ku buɗe ido! Ga Sarkin Gardama ya tsuguna bakin kududdufi. An ce masa tace, ya ce shi kakansa bai tace ba."

Jini ya hau mini kai. Na lalubi sanda ban samu ba, na zare famfon keke. Ko sallama ban yi ba na kutsa shigifa, Allah ya taimake ni na tsaya a cikin duhunta ban faɗa tsakar gida ba, don matan maƙwabta ne zaune cike da tabarmi, da 'ya'yansu a cinya. Da na afka da famfo a hannu, da Makarfi ta samu abin faɗi har jikoki.

Farin zanen Luba aka ɗaure tsakanin rumbu da turken tunkiya. Fitilar ƙwai a bayansa. A jikin zanen ga inuwar mutum, an yanko shi daga kwalina, an soke a tsinke, da tumbinsa da hularsa. Ya sha ruwa, ya yi rawa, ya fara ɗingishi. Can sai ga zare yana fita daga ƙafarsa ana naɗe shi a kara, mata suka ɗauki salati, wata ta rufe ido. Muryar kuwa ba ta tsaya ba. Ta yi Sarkin Gardama, ta yi matarsa da 'yar siririyar murya, ta yi malamin asibiti yana faɗa, wai "Ban gaya maka ba? Ban gaya maka ba?" Matan suka kwashe da dariya, Inna har da tafi. Wato ni ke nan. Haka nake yi ashe.

Ina ta neman wane ƙato ne a bayan zanen. Sai na dubi ƙasa. Zanen bai kai ƙasa ba, ga 'yan ƙafafu biyu a tsugune, ga tabon kaifin fartanya a ɗan yatsa, wanda ni na ɗaure shi bara da hannuna.

Cikin mazurarina yake magana. Ko gargada babu. Kalma na bin kalma kamar ruwa a kwata.

Na koma zaure da baya da baya, na zauna a dakali, famfo a hannu. Na yi kuka, a nan ba abin ɓoyewa. Shekara takwas ban taɓa jin muryar ɗana ta yi tafiya mai nisa haka ba. Da na share fuska sai na tashi na yi gyaran murya, na yi sallama da ƙarfi kamar yanzu na iso. Nan take muryar ta ɗauke. Kafin in shiga an kwance zane, mata sun bi ta ƙofar baya, shi kuma ya zo ya tsuguna zai ce sannu da zuwa, "sa-sa-sa" ta riƙe shi. Wannan ta fi komai soya mini rai.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na tsare Luba. Ita ma kunyar ta hana ta, ta ce, "Ni ban san komai ba, zanena kawai aka ara." Inna ce ta fasa ƙwan. Tun washegarin majigin farko matan unguwa suka matsa wa yara su ba su labarin abin da aka nuna, kowane yaro ya yi ta shirme. Shi ya ja Inna ɗaki ya nuna mata da inuwar hannu a bango. Duk ranar da na tafi ƙauye sai a ɗaura zane. Sau ɗaya tak ya ga majigin, sauran duk daga kansa yake ƙagowa. Ta ce gida huɗu yanzu suna tace ruwa, abin da ni da farar rigata ban iya sa su ba.

"Ido ne ke ɗaure masa harshe," in ji ta. "In ba a kallonsa, ya fi ka baki. Kai kuwa kallonka ma na mai allura ne."

Ban janye maganata a kan majigi ba. Hannun Lado har yanzu a ɗaure yake.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Dabara ta zo mini ina wanke almakashi. Na je wurin Malam Zailani da fuskar aiki. Na ce mata ba sa ganin majigi, alhali su ke da randa. Me zai hana 'yan makaranta su shirya na inuwa, da zane da fitila, a riƙa kai wa cikin gidaje da izinin masu gida? Ranar da mai duba makarantu ya zo ma a nuna masa. Ya yi murna har ya miƙe tsaye. Na ce sai a samo yaro ɗan aji biyu ya riƙe bayani, na yi shiru ina jiran ya gane hannunka mai sanda.

Ya ce, "Gambo! Bakinsa kamar ɗan ma'abba."

Na ce madalla. Me zan ce? Na fito ina jin kamar in ciji sirdin keke.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Da ina cin tuwo na ba Luba labarin, da ƙarfi, daidai tagar Inna. Na nanata sunan Gambo sau biyu.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Inna ta tafi makaranta! Tun da safe ta yafa mayafi ta ɗauki sandarta, da kwalayen a ƙunshe, da mazurari. Tsohuwa ba ta da kulle, kuma kaka ba ta kunyar jika. Malam Zailani da kansa ya zo ya ba ni labari yana share hawayen dariya. Wai ta tsaya a ƙofar aji ta ce, "Ina Zailanin? Sana'ar mijina za ku ƙwace ku ba ɗan wani? To a ɗaura zane a gwada su, mai baki ya ɗauka." Aka rataya mayafinta a ƙofar ofis. Gambo ya shiga ya yi ta ƙyalƙyala dariya, ya kasa cewa komai. Nawa ya shiga. Malam ya ce sai da ya zaga baya ya leƙa don ya tabbata ba aljani ba ne.

Ya dube ni ya ce, "Malam, kai ba ka san da wannan ba?" Na ce ni ina ruwana da wasan yara.

Tsarin nan dai nawa ne daga farko har ƙarshe. A rubuta.

Laraba, 27 ga Nuwamba

An kai majigin zane unguwar maƙera da unguwar Liman, ana tashi kafin isha, kowane yaro da rigarsa, bisa sharaɗina. Masu zuwa neman ƙyallen tacewa sun cinye mini tsohon bandeji. Ba na ƙorafi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi.

Mai duba makarantu ya zo, Malam Inuwa, dogo, mai tabarau, ba ya dariya. An gayyace ni a matsayin malamin asibiti, na zauna can baya. Aka rufe tagogi da rana tsaka, aka kunna fitila. Sarkin Gardama ya sha ruwansa, ya yi ɗingishinsa. Da aka zo wurin "Ban gaya maka ba?" duk aji suka waiwayo suna kallona, har Dagaci. Na daure.

Malam Inuwa bai ce ya yi kyau ba. Ya ɗauki littafin karatu ya buɗe inda ya ga dama, ya tura ta ƙarƙashin zane ya ce, "Mai bayani, wannan na iya zama hadda. Karanta mini nan, ba da mazurari ba." Can sai ga 'yar muryarsa ta ainihi, ƙarama, ta ɗauki shafin nan tun daga sama har ƙasa, ta juya na gaba, sai da aka ce ya isa.

"Fito in gan ka."

Ya fito yana ƙifta ido. Aka ce ya faɗi sunansa. Harshe ya ƙulle. Jijiyar wuyan nan ta tashi, wani yaro ya fara dariya, Malam Inuwa ya ɗaga yatsa ɗaya aji ya yi tsit. Ya jira shi. Wallahi ya jira shi, bai ƙarasa masa ba, bai kau da kai ba. Ni kuwa na riƙe bencin da nake kai har farcena ya shiga itace. Da ƙyar, da ƙyar, sunan ya fito cikakke.

Ya juya ya ce wa Malam Zailani, "Wanda ya yi karatu a bayan zane ya iya karatu. A kai shi aji uku. Zanen kuma a riƙa rage masa tsawo a hankali." Sannan ya ce, "Ɗan wane ne?"

Na ɗaga kai ina duba azarar rufi, wai ko gara ta ci. Malam Zailani, Allah ya yi masa albarka, ya ce, "Jikan Hajo ne, ranka ya daɗe."

Juma'a, 6 ga Disamba

Na aika wa Yaya Ya'u da goro da gaisuwa, na ce maraƙin nan a nema masa wani makiyayi.

Lahadi, 15 ga Disamba

Dokar majigi tana nan, ban ce a ɗage ba, kuma ba zan ce ba. Amma dokar Makarfi ce, ba ta Kudan ba, ga shi kuma an yi hutun makaranta. Jiya motar tana Kudan, Maiwada ya aiko yana son maganin maƙogwaro. Inna ta ce tunda zan je in tafi da mijinta, labarinsa ya ƙare yana bukatar sabo. Umarnin uwa ne. Na sa aka saka masa riga biyu, na ɗora shi a bayan keke. A bakin kasuwa masu rake suka yi ca: "A'a, Malam, yau kai da ɗan Hajo?" Na ce saƙo ne aka ba ni in kai.

Mun kalla daga gefe, kan tabarma, nesa da ƙyallen saboda ido. Da aka fara na masu dire-dire na ce tashi, muka tafi masauki.

Yau da hantsi muka kamo hanya. Muka wuce gonakin rake. Can sai na ji daga bayana, "Baba, ka san me ya sa hotonsu yake tafiya namu ba ya tafiya?" Sumul, ba ko tuntuɓe. Na kusa faɗawa kwalbati. Na ce a'a, faɗa mini. Ya faɗa. Ya faɗi na injin, ya faɗi yadda zai yi wa Sarkin Gardama ɗa, ya ce Gambo ba mugu ba ne tsoro yake ji, ya ce shi ba ya son miyar kuka amma kada in gaya wa Inna. Yana riƙe da rigata ta baya yana ta zuba. Ni dai "to" da "sai kuma me" kawai nake cewa, idona a kan hanya.

Da muka zo mararraba na bi ta doguwar, ta bakin fadama. Luba ta ce mun daɗe, na ce gajerar yashi ya yi mata yawa.

Tun daga Kudan har zaure ban waiwaya ba ko sau ɗaya. Wuyana ya sage, na shafa man zafi.